Facebook daga 2004 zuwa 2024: yadda zumunci ya zama haja

1. Gabatarwa

Ranar 4 ga watan Fabrairu na shekarar 2004 wani ɗalibi ɗan shekara 19 mai suna Mark Zuckerberg ya buɗe wani shafin intanet daga ɗakin kwanansa a jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, ya raɗa masa suna Thefacebook. A ƙarshen shekarar 2023 mutane fiye da miliyar 3 ne ke shiga wannan shafi aƙalla sau ɗaya a wata, wato sama da sulusin bil'adama. Cikinsu har da ɗalibanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ƴan kasuwarmu, da ƴan'uwanmu masu ci-rani a Legas ko Abijan ko Aljeriya.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan haɓaka daki-daki, domin mu gano abin da ya haddasa ta. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa Facebook ya tarar da zumuncin da ke tsakanin mutane, ya sa su rubuta shi da hannunsu kuma da sunayensu na gaskiya, sa'an nan ya mai da wannan rubutu haja da yake sayar wa masu talla. Kowane mataki na faɗaɗawa ya ƙara wa hajar daraja, amma kuma ya ƙara nisanta kamfanin daga sanin mutanen da yake tarawa, musamman ta fuskar harsunansu.

Kafin mu ci gaba, ga bayani kan kalmomi biyu. Miliyar ita ce miliyan dubu. Duk inda muka ce dala kuwa, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

2. Waɗanda suka riga shi

Facebook bai fara wannan sana'a ba. A 1997 Andrew Weinreich ya buɗe shafin SixDegrees a birnin Niyok, inda mutum zai rubuta bayanin kansa, ya jera sunayen abokansa, ya kuma duba abokan abokansa. Sunan shafin ya samo asali ne daga tsohon ra'ayin nan mai cewa tsakanin kowane mutum biyu a duniya akwai matakai shida na sanayya, ra'ayin da gwajin Stanley Milgram na 1967 ya yaɗa. Shafin ya mutu bayan ƴan shekaru, domin a lokacin masu intanet ba su da yawa, layukan suna da nauyi, kuma kyamarar da ke ɗaukar hoto don kwamfuta ba ta yaɗu ba. Mutum ya jera abokansa, amma ba shi da abin da zai yi da su.

A 2003 shafin Friendster na Jonathan Abrams ya ja miliyoyin mutane cikin ƴan watanni, sai dai manyan kwamfutocinsa sun kasa ɗaukar nauyin, har buɗe shafi guda yana cin lokaci mai tsawo. Jama'a suka ƙaura zuwa MySpace, wanda aka buɗe a watan Agusta na wannan shekara. A MySpace kowa na iya ɗaukar sunan da ya ga dama, ya ƙawata shafinsa da launuka da kiɗa. A 2005 kamfanin News Corporation na Rupert Murdoch ya saye shi tare da uwar kamfaninsa kan dala miliyan 580. A 2011 aka sake sayar da shi kan kimanin dala miliyan 35. Shi ma Google ya gwada da Orkut a 2004, ya samu karɓuwa a Birazil da Indiya, aka rufe shi a 2014.

Abin lura a nan shi ne dabarar jera abokai ta kowa ce tun kafin 2004. Saboda haka dole mu nemi dalilin nasarar Facebook a wani wurin.

3. Ƙofa a rufe, 2004 zuwa 2006

A jami'o'in Amurka akwai al'adar buga kundi mai hotuna da sunayen ɗalibai domin su san juna, kuma daga sunan wannan kundi ne aka samo sunan shafin. A watan Oktoba na 2003 Zuckerberg ya fara gwada wani shafi mai suna Facemash, inda ya kwashi hotunan ɗalibai daga kwamfutocin jami'ar ba da izini ba, ya jera su biyu-biyu ana zaɓen wanda ya fi kyau. Hukumar jami'ar ta rufe shafin cikin ƴan kwanaki, ta kira shi gaban kwamitin ladabtarwa. Da ya buɗe Thefacebook tare da Eduardo Saverin da Dustin Moskovitz da Chris Hughes da Andrew McCollum, sai ya sauya dabara: ɗalibai ne da kansu za su kawo hotunansu da bayanansu.

Sharaɗi ɗaya ne na shiga, wato mallakar adireshin imel na jami'ar Harvard. Wannan sharaɗi ya yi aiki biyu. Na farko, ya tabbatar da cewa mai suna shi ne mai shafin, tun da jami'ar ce ta ba da adireshin. Na biyu, ya sa duk wanda ya shiga ya tarar da mutanen da yake gani kullum a aji da ɗakin cin abinci. Cikin wata guda fiye da rabin ɗaliban digirin farko na Harvard sun yi rajista. A watan Maris aka buɗe wa Stanford da Columbia da Yale, daga nan sauran jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya. A Disamba 2004 an kai mutum miliyan 1.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa akwai kayan da darajarsu ke ƙaruwa da yawan masu amfani da su, kamar wayar tarho. Haka kasuwar ƙauye take: mai saye yana zuwa don ya san masu sayarwa za su zo, su kuma suna zuwa don sun san zai zo. Wahalar tana wajen ranar farko. Facebook ya kauce wa wannan wahala ta hanyar cika ƙananan kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, ko wace jami'a da tata, maimakon buɗe babban fili wanda ba kowa a ciki. Buɗewar sannu-sannu ta kuma ba shi damar ƙara kwamfutoci daidai da ƙaruwar jama'a, abin da ya gagari Friendster.

A tsakiyar 2004 samarin suka koma Palo Alto a jihar Kalifoniya. Sean Parker, ɗaya daga waɗanda suka kafa Napster, ya zama shugaban kamfanin na farko, Peter Thiel kuma ya zuba dala 500,000 kan kimanin kashi 10 cikin 100. A 2005 kamfanin Accel ya ƙara dala miliyan 12.7, aka sayi adireshin facebook.com kan dala 200,000, aka buɗe wa ƴan makarantun sakandare a Satumba, aka kuma kawo sashen hotuna a Oktoba, inda ake liƙa sunan mutum a kan fuskarsa. Tun a wannan zamani rigima ta biyo kamfanin: tagwayen nan Cameron da Tyler Winklevoss da abokinsu Divya Narendra sun kai ƙara cewa an ɗauki dabararsu, aka sasanta a 2008.

4. Watan Satumba na 2006

Idan za a zaɓi wata guda da ya sauya tarihin Facebook, to Satumba na 2006 ne. Kafin nan kamfanin ya ƙi tayin Yahoo na dala miliyar 1. Ranar 5 ga watan aka kawo News Feed, wato jerin labaran abokai da ke tarar mutum da zarar ya shiga. A da, sai ka je shafin abokinka kafin ka san ya sauya hoto ko ya rabu da budurwarsa. Yanzu labarin ne ke zuwa wurinka, ya kuma je wurin duk waɗanda suka san shi. Ɗaruruwan dubban ɗalibai suka shiga ƙungiyoyin adawa da wannan tsari, Zuckerberg ya nemi gafara, ya ƙara hanyoyin ɓoye wasu bayanai, amma bai janye tsarin ba. Abin mamaki, ta cikin jerin labaran nan ne kiran adawar ya bazu, wanda hakan ya nuna ƙarfinsa. Ranar 26 ga watan aka buɗe ƙofa ga duk mai shekara 13 zuwa sama da ke da adireshin imel.

Waɗannan matakai biyu suna tafiya tare. Da jama'a suka yi yawa, labarai suka fi ƙarfin karatun mutum ɗaya, sai ya zama dole wani ya zaɓi abin da za a sa a sama. Kamfanin ya danƙa wannan zaɓi ga tsarin lissafi na kwamfuta, wanda ke auna abin da mutum ya saba tsayawa a kai. Maɓallin Like, da aka kawo a Fabrairu 2009, ya ba wannan lissafi ma'auni mai sauƙi. Daga wannan lokaci Facebook ya tashi daga matsayin kundin sunaye, ya zama mai tace wa kowane mutum labaran da zai gani, aikin da a da editan jarida ko na rediyo ke yi wa jama'a gaba ɗaya kuma a bainar jama'a.

Alƙaluma sun nuna sakamakon. Masu amfani da shafin sun kai miliyan 12 a ƙarshen 2006, miliyan 100 a Agusta 2008, miliyan 500 a Yuli 2010, miliyar 1 a Oktoba 2012, miliyar 2 a Yuni 2017. A 2011 wani bincike da kamfanin ya yi tare da jami'ar Milan ya sami cewa matsakaicin nisa tsakanin masu amfani biyu matakai 4.74 ne, ƙasa da shidan da aka saba faɗa.

5. Ina kuɗin suke fitowa?

Shiga Facebook kyauta ce, saboda haka tambayar da ta wajaba ita ce wa ke biya. Amsar ita ce masu talla. Mai talla a rediyo yana biya ne don kowa ya ji, har da waɗanda ba ruwansu da hajarsa. A Facebook yana iya cewa a nuna tallarsa ga mata kawai, masu shekara kaza zuwa kaza, mazauna gari kaza, waɗanda suka yi sabon aure. Duk waɗannan bayanai mutanen ne suka ba da su da kansu, wasu a rubuce, wasu ta abin da suka taɓa ko suka tsaya kallo. A nan ne sharaɗin sunan gaskiya, wanda aka gada daga zamanin Harvard, ya zama jari.

A Oktoba 2007 Microsoft ya sayi kashi 1.6 cikin 100 na kamfanin kan dala miliyan 240, abin da ke nufin an ƙiyasta darajarsa dala miliyar 15. A watan da ya biyo aka kawo tsarin Beacon, mai sanar da abokan mutum abin da ya saya a wasu shafuka. Ƙorafi da ƙara a kotu suka sa aka rufe shi a 2009. A Maris 2008 Sheryl Sandberg ta baro Google ta zo ta tsara sashen talla. Ranar 18 ga Mayu 2012 aka fara sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar Nasdaq kan dala 38 ko wane ɗaya, aka tara dala miliyar 16. An tsara hannayen jarin iri biyu, na Zuckerberg suna da ƙuri'a 10 ko wane ɗaya, ta yadda rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannunsa.

A wannan lokaci ne kamfanin ya shiga haɗari mafi girma. Jama'a suna barin kwamfuta suna komawa salula, kuma kamfanin da kansa ya amsa a takardunsa cewa ba ya samun kuɗin a-zo-a-gani daga salula. A Satumba 2012 hannun jarin ya faɗi ƙasa da dala 18. Mafitar ita ce cusa talla a tsakiyar jerin labaran abokai, tun da fuskar salula ba ta da gefen da za a ajiye ta. A ƙarshen 2013 fiye da rabin kuɗin talla daga salula suke fitowa. Kamfanin ya kuma sayi waɗanda za su iya zame masa kishiya: Instagram a Afrilu 2012 kan dala miliyar 1, lokacin yana da ma'aikata 13, da WhatsApp a Fabrairu 2014 kan kimanin dala miliyar 19. A 2024 kuɗin shigar kamfanin, wanda ya sauya suna zuwa Meta a Oktoba 2021, sun haura dala miliyar 160, kusan duka daga talla.

6. Fita daga Amurka

Har farkon 2008 da Turancin Ingilishi kawai shafin yake. Maimakon ɗaukar masu fassara, kamfanin ya roƙi masu amfani da shafin su fassara kalmominsa su kuma zaɓi fassarar da ta fi dacewa ta hanyar ƙuri'a. Haka aka samu Sifaniyanci a Fabrairu 2008, Faransanci da Jamusanci a Maris, Larabci da Swahili a 2009. Hausa da Fulfulde sun shiga a 2016. Ita ma fassarar, kamar jerin abokai, aikin sa kai ne da jama'a suka yi wa kamfanin.

Da ƙasashe masu arziki suka kusa cika, sai ido ya koma kan waɗanda salularsu ƙarama ce kuma kuɗin intanet ya yi musu tsada. A 2010 aka kawo Facebook Zero, shafi marar hoto wanda wasu kamfanonin waya ke bayarwa kyauta. A 2013 aka kafa shirin Internet.org, aka fara manhajarsa a Zambiya a Yuli 2014, aka sauya mata suna zuwa Free Basics a 2015, ta isa Najeriya a Mayu 2016. A 2015 aka fitar da Facebook Lite don layuka masu rauni, aka kuma buɗe ofishin farko na Afirka a Johannesburg. Zuckerberg ya ziyarci Legas da Nairobi da Abuja a ƙarshen Agusta da farkon Satumba 2016.

Ba ko'ina wannan hanya ta ɓulle ba. Sin ta toshe shafin tun 2009, Rasha ta bi sahu a 2022. A Fabrairu 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta hana Free Basics, bisa hujjar cewa bai kamata kamfani guda ya zaɓar wa talaka sashen intanet da zai gani kyauta ba. Wannan hujja ta cancanci nazari a wurinmu, domin a ƙasashe da dama mutum ya fara sanin Facebook kafin ya san akwai wani abu a intanet bayansa.

7. Abin da girman ya jawo

A 2011 an yaba wa shafin ƙwarai saboda rawar da ya taka a Tunisiya da Masar, inda shafin tunawa da Khaled Said, wanda Wael Ghonim ke cikin masu kula da shi, ya yi kiran zanga-zangar 25 ga Janairu. Bayan shekara bakwai yabo ya koma zargi. A 2018 aka bayyana cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane da za su kai miliyan 87 ta hanyar wata manhaja da kimanin mutum 270,000 kawai suka yi amfani da ita, domin tsarin da aka buɗe wa masu manhajoji tun 2007 ya ba su damar kwasar bayanan abokai. Zuckerberg ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a Afrilu, aka ci kamfanin tarar dala miliyar 5 a 2019.

Abin da ya faru a Myanmar ya fi wannan muni. A 2017 ƴan ƙabilar Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash daga farmakin soja. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce kalaman ƙiyayya da aka yaɗa a Facebook sun taka muhimmiyar rawa, kuma a Nuwamba 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya isa ba. A shekarun da shafin ke bazuwa a ƙasar, masu duba rubutu da suka iya harshenta ƴan ƙalilan ne. A 2018 ɗin dai wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a shafin suka ƙara rura rikicin jihar Filato a Najeriya. Takardun cikin gida da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na abin da aka ware don gano labaran ƙarya Amurka aka ware wa, saura 13 ga sauran duniya. A 2023 kuma masu duba rubutu fiye da 180 da ke aiki a Nairobi ta hannun wani ɗan kwangila, cikinsu har da masu duba Hausa, suka kai ƙara kotun Kenya kan sallamarsu daga aiki.

Fassara kalmomin shafi zuwa wani harshe aiki ne mai sauƙi da ake yi sau ɗaya. Fahimtar abin da masu harshen ke faɗa wa juna, da habaici da zambo da gugar zana, aiki ne na kullum mai tsada, kuma kuɗin tallar da ake samu daga ƙasashenmu kaɗan ne idan aka kwatanta da na Amurka. Shafin da ya fara da mutanen da suka san juna ido da ido ya wayi gari yana ɗauke da maganganun da masu shi ba su jin ko kalma ɗaya a ciki.

8. Kammalawa

Mun ga cewa haɓakar Facebook ta tsaya kan sunan gaskiya da buɗewar sannu-sannu a farko, sa'an nan jerin labarai da talla, daga baya salula da sayen kishiyoyi. Ba mu cewa wannan haɓaka ba ta da iyaka: a Fabrairu 2022 kamfanin ya sanar da raguwar masu shiga kullum a karon farko, kuma tarihin MySpace yana nan.

Ga mu masu nazarin harshe da tarihi, batun ya shafe mu kai tsaye. Mutane da yawa da ba su taɓa rubuta wasiƙa da Hausa ba yanzu suna rubutu da ita kullum a wannan dandali. Ana sanar da aure da suna da rasuwa, ana ciniki, ana muhawarar addini da siyasa. Ana kuma rubutun yadda aka ga dama: haruffa masu ƙugiya sun faɗi, ɗan Nijar yana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, ɗan Najeriya da ta Ingilishi, su haɗu a ƙarƙashin labari ɗaya. Wannan taska ce babba ga mai nazarin karin harshe da ƙa'idar rubutu, kuma ga mai rubuta tarihin zamaninmu nan gaba. Kamfanin ya san darajar irin waɗannan harsuna, domin tsarin fassararsa na NLLB-200 da ya fitar a 2022 ya ƙunshi Hausa da Barbarci da Fulfulde da Tamashek. Amma taskar tana cikin kwamfutocin kamfani mai zaman kansa, wanda ke iya rufe ta ko goge ta, kamar yadda MySpace ya sanar a 2019 cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa cikin shekara goma sha biyu.

Saboda haka muna ba sashenmu shawarar ya fara tattara samfurin wannan rubutu bisa tsari, da izinin masu shi kuma tare da ɓoye sunayensu, ya kuma sa ɗaliban digiri na biyu su yi nazarin yadda ake rubuta Hausa a cikinsa daga yanki zuwa yanki. Magabatanmu sun bi ƙauyuka da rakoda suna ɗaukar tatsuniya da kirari kafin tsofaffi su ƙare. Irin wannan aikin ne ke jiranmu a nan.